Kabari babu suna: daga Chasselay da Thiaroye zuwa maƙabartar sojojin Yamai

Wanda ya bar birnin Lyon na ƙasar Faransa ya nufi arewa, kafin ya ci kilomita 20 zai iso wani ƙauye da ake kira Chasselay. Gonaki ne da lambunan itatuwa da gidaje masu jan rufi, irin dai ƙauyukan Turawa. Amma a bayan gari, a tsakiyar gonaki, akwai wani gini da in ɗan Agadas ko ɗan Damagaram ya hango shi sai ya tsaya ya sake dubawa. Katanga ce ja kamar an yaɓe ta da jar ƙasa, da dogayen zankaye a kusurwoyi da bakin ƙofa, an soke su da sanduna kamar hasumiyar masallacin Agadas. Ƙofar ta katako ce mai sassaƙa.

Maƙabarta ce. Mutum 196 ke kwance a cikinta, kuma 188 daga cikinsu sojoji ne baƙar fata da aka ɗebo daga Afirka, aka kashe su a wannan yanki cikin watan Yunin 1940. Faransawa suna kiran wurin Tata sénégalais. Kalmar "tata" daga yammacin Afirka ta fito, ma'anarta abin da muke ce wa ganuwa.

Shekara goma ke nan da ɗoriya Nijar tana binne sojojinta, daga tsibiran tafkin Cadi zuwa iyakar Mali. Kowace ƙasa da ta sha yaƙi sai ta zo kan wannan tambaya: in an gama jana'iza, kwana ukun makoki sun wuce, an mayar da tuta saman sanda, me za a bari a ƙasa da zai gaya wa ƴan baya girman abin da aka rasa? Kakanninmu da suka yi wa Faransa yaƙi an ba su amsa iri biyu, ɗaya a Chasselay, ɗaya a Thiaroye.

Kwana biyu a watan Yuni

Tun 1857 Faransa ta kafa rundunar da ta kira tirailleurs sénégalais. Sunan yana ruɗar mutane, don ba ƴan Senegal kaɗai ke ciki ba. Ana ɗiban su daga duk ƙasashen da Faransa ta mallaka kudu da hamada: Mali ta yau, Gini, Burkina Faso, Kwaddibuwa, Benin, Nijar, Cadi. Wasu sun shiga da son ransu. Da yawa kuwa sarakuna da masu gari aka yanka wa adadin samarin da za su kawo, suka kawo. A yaƙin duniya na ɗaya an ɗebi kusan 200,000, kimanin 30,000 ba su dawo gida ba.

A tsakiyar watan Yunin 1940 Faransa ta riga ta karye. Jamusawa sun shiga Paris ranar 14. Ranar 17 Marshal Pétain ya faɗa ta rediyo cewa dole a daina faɗa, aka kuma ayyana Lyon a matsayin birnin da ba za a kare shi ba. Duk da haka aka umarci runduna ta 25 ta tirailleurs ta tare hanyoyin da ke shiga birnin daga arewa, kuma kada ta ja da baya ko taku ɗaya. Ma'ana, an tura su su mutu a yaƙin da manya suka riga suka sallama.

Ranar 19 aka gwabza a Montluzin, wani gidan mata masu hidimar cocin Katolika inda sojojin suka ja daga. Sun riƙe wurin sa'o'i. Da Jamusawa suka ci ƙarfinsu, sai suka bi ɗaki ɗaki da lungu lungu suna ƙarasa baƙaƙen sojoji, har da waɗanda suka ji rauni. Washegari ragowar da suka fake a wani babban gida a Chasselay harsashi ya ƙare musu, suka miƙa wuya. Aka ware su, Turawa gefe, baƙaƙe gefe. Kyaftin ɗinsu, Gouzy, ya nuna rashin yarda, aka harbe shi a ƙafa. Aka kora su a hanya har zuwa wani fili da ake kira Vide-Sac, aka ce baƙaƙen su shiga gona, sannan tankokin yaƙi suka buɗe musu wuta ta baya, suka kuma bi ta kan waɗanda suka faɗi. Kimanin mutum 50 aka kashe a wannan gona. Kwana biyu bayan haka, ranar 22, Faransa ta sa hannu a kan takardar tsagaita wuta.

Ba a Chasselay kaɗai aka yi haka ba. Masanin tarihi Raffael Scheck ya ƙiyasta cewa tsakanin 1,500 zuwa 3,000 na baƙaƙen sojojin Faransa aka kashe bayan an kama su, a watannin Mayu da Yunin wannan shekara. Cikinsu har da Kyaftin Charles N'Tchoréré, ɗan asalin Gabon, wanda aka harbe a Airaines ranar 7 ga Yuni saboda ya tsaya a kan cewa a ɗauke shi a matsayinsa na hafsa kamar sauran hafsoshi Turawa.

Shekara da shekaru ana ɗora kisan Vide-Sac a kan rundunar SS, karnukan farautar Hitila. Sai a 2019 aka gano wasu hotuna takwas da wani sojan Jamus ya ɗauka a ranar, waɗanda suka nuna cewa wata runduna ce ta tankokin yaƙi ta sojan Jamus na yau da kullum ta yi aikin.

Mutumin da ya sayi gonar

Jamusawa sun hana a binne gawarwakin. Mutanen ƙauyen ba su bi umarnin ba, suka haƙa rami suka rufe su. Daga baya wani ma'aikacin ofishin kula da tsoffin sojoji na yankin, Jean Marchiani, wanda shi ma ya yi yaƙin duniya na ɗaya, ya ɗauki lamarin a kansa. Gwamnatin Pétain ba ta ba da kuɗi ba. Shi ya sayi filin, ya buɗe asusun neman taimako, aka bi ƙauyukan yankin ana tono gawarwakin ana dawo da su wuri guda. An buɗe maƙabartar ranar 8 ga Nuwamban 1942, aka zuba ƙasar da aka kawo daga Dakar. Kwana uku bayan haka sojojin Jamus suka mamaye kudancin Faransa. Sai a 1966 gwamnati ta karɓi wurin a matsayin maƙabartar ƙasa.

Abin da Marchiani ya fahimta shi ne, mutumin da ya mutu nesa da gida yana da haƙƙin a kwantar da shi a wurin da ya yi kama da gida. Ana iya cewa ginin Afirka ce irin wadda Bature ke gani a cikin kansa, kuma akwai gaskiya a wannan suka. Amma a tsakiyar mamaya, lokacin da furta alheri a kan baƙar fata ke iya jawo wa mutum fitina, an samu wanda ya tsaya ya ce waɗannan ma ƴaƴan wasu ne.

Sai dai wanda ya bi layukan kaburburan zai ga da dama an rubuta musu kalma ɗaya, "inconnu", wato ba a san ko wane ne ba. Wasu tankoki sun lalata gawarsu, wasu an raba su da ɗan ƙarfen shaida da soja ke ratayawa. Uwa a wani ƙauye ta yi ta duban hanya har ta koma ga Allah, ɗanta kuma yana kwance a ƙarƙashin wannan kalma.

Wa ake rubuta sunansa?

Rubuta sunan ƙaramin soja a jikin dutse sabon abu ne a duniya. Da can sarki ko sarkin yaƙi ake gina wa hasumiya, dakaru kuwa a tura su rami guda. Yaƙin 1914 zuwa 1918 ne ya sauya wannan, saboda yawan mutuwar ya wuce a ɓoye shi. Faransa kaɗai ta rasa kimanin miliyan 1.4. Bayan yaƙin kusan kowane ƙauye ya kafa dutse a dandalinsa da sunayen ƴaƴansa, fiye da 30,000 a faɗin ƙasar. Ɗan ci-rani da ke zaune can ya sha wuce su. In ya tsaya ya karanta, zai ga sunan gida ɗaya ya maimaitu sau biyu, sau uku, wani lokaci sau huɗu a ƙauyen da bai kai unguwa ɗaya ta Maraɗi ba. Ba sai an yi masa bayani ba, ya san an share zuri'a.

Da yawa daga cikin waɗannan duwatsu suna ɗauke da zakara, alamar Faransa, ko soja riƙe da tuta. Kaɗan ne suka kauce wa wannan salo. A ƙauyen Gentioux, mutum-mutumin wani maraya aka kafa cikin rigar ƴan makaranta, ya dunƙule hannu yana nuna sunayen matattu da wani rubutu da ke tsine wa yaƙi. Hukuma ta ƙi halartar buɗe shi a 1922. A Douaumont kuma, inda aka yi yaƙin Verdun na 1916, an tara ƙasusuwan mutum kimanin 130,000, Faransawa da Jamusawa a cakuɗe, an bar ƙananan tagogi a ƙasan ginin yadda mai ziyara zai durƙusa ya leƙa ya gan su. A gaban ginin akwai kaburbura sama da 16,000, cikinsu 592 na sojoji musulmi da aka fuskantar da su alƙibla.

Ƙauyukan da aka kwaso tirailleurs ba su samu dutse mai suna ba. Abin da aka yi shi ne manyan gumaka a manyan birane. A 1924 an kafa tagwayen mutum-mutumi, ɗaya a Bamako, ɗaya a Reims, birnin da sojojin Afirka suka taimaka wajen kare shi a 1918. Sojoji baƙaƙe huɗu ne sun kewaye hafsa Bature, kuma tutar tana hannun Baturen. Ko a wajen girmamawa sai da aka nuna wa kowa matsayinsa. Na Reims ɗin Jamusawa sun tumɓuke shi a 1940 suka tafi da shi, sai a 2018 aka yi bikin buɗe madadinsa. Na Bamako yana nan.

A ɓangaren Ingila ma haka abin yake, ko ma ya fi. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila an kafa ta a kan ƙa'idar cewa janar da kurtu daidai suke a kabari. A watan Afrilun 2021 wani kwamiti da ita kanta ta naɗa ya bayyana cewa aƙalla mutum 116,000, akasarinsu ƴan Afirka, waɗanda suka mutu a yaƙin duniya na ɗaya, ba a rubuta sunansu ko'ina ba, kuma adadin na iya kaiwa 350,000. Rahoton ya tono wata magana da gwamnan Gold Coast, wato Ghana ta yau, ya yi a 1923, cewa mutanen ƙasar ba za su gane amfanin dutsen kabari ba. Ministan tsaron Birtaniya ya nemi gafara a majalisa. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin rundunar Ingila ta Afirka ta Yamma cike take da Hausawa, har Hausa ce harshen bariki. Waɗanda suka je yaƙin Bama a yaƙi na biyu sun ɗan fi sa'a: a maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon akwai ginshiƙai masu sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a ga gawarsu ba, kuma akwai sojojin Afirka ta Yamma a cikinsu.

Wanda ya fi kowa nuna ƙarfin suna, a ganina, shi ne bangon da Amurka ta gina a Washinton don sojojinta na yaƙin Biyetnam. Wata ɗaliba ƴar shekara 21, Maya Lin, ita ta zana shi, aka buɗe shi a 1982. Baƙin dutse ne mai sheƙi da ya nutse cikin ƙasa, babu doki, babu takobi, babu muƙamin kowa. Sunaye ne sama da 58,000, an jera su bisa ranar da kowa ya faɗi. Mai tafiya a gefensa yana farawa bangon na iya idon sawunsa, yana gangarawa sunaye na ƙaruwa har su haura kansa, kuma yana ganin fuskarsa a jikin dutsen a tsakanin sunayen. Da farko wasu sun ce abin kunya ne, ba ya nuna jarumta, har sai da aka ƙara gunkin sojoji uku a kusa a 1984. Yau mutane suna ajiye wasiƙu da takalma da hotuna a gindinsa. In aka tashi karanta sunayen da baki, ana shafe sa'a 65 cikin kwana huɗu. Amma ko wannan bango rabin labari yake bayarwa, don mutanen Biyetnam da suka mutu a yaƙin miliyoyi ne, kuma babu ko ɗayansu a jiki.

Thiaroye, inda aka ɓoye lissafin

A Chasselay abokin gaba ne ya yi kisan, shi ya sa girmama matattun bai yi wa Faransa nauyi sosai ba. A Thiaroye, wadda ake furtawa Caroy, a bayan birnin Dakar, sojan Faransa ne ya harbe sojojin Faransa.

Mutanen fursunonin yaƙi ne da Jamusawa suka tsare shekara huɗu a sansanoni cikin Faransa. Da aka ƴanto su a 1944, aka sa su a jirgin ruwa mai suna Circassia daga Morlaix ranar 5 ga Nuwamba, suka sauka Dakar ranar 21. Suna bin gwamnati bashin albashi na shekarun da suka yi a tsare da kuɗin sallama. An ce su tafi garuruwansu, za a biya su can. Suka ce a'a, a biya su tukuna, don sun san in aka warwatsa su kowa ya koma ƙauyensu, magana ta mutu. Da safiyar 1 ga Disamban 1944 aka kewaye sansanin da sojoji da motoci masu sulke, aka tara su a fili, aka buɗe wuta.

Hukumomin soja sun ce tawaye ne. Wani rahoto ya ce mutum 35 suka mutu, wani ya ce 70. Waɗanda suka tsira, 34 daga cikinsu aka gurfanar aka ɗaure. Masaniyar tarihi Armelle Mabon, wadda ta shafe shekaru tana bin takardun, ta lura cewa lissafin bai haɗu ba: sama da 1,600 aka ce sun shiga jirgi, kimanin 1,300 aka ce sun sauka, aka kuma ce ragowar sun tsaya a Kasabalanka. Ita tana ganin an rage adadin waɗanda suka sauka ne don a ɓoye adadin waɗanda aka kashe, kuma matattun na iya kaiwa 300 zuwa 400.

A maƙabartar soja ta Thiaroye akwai kaburbura 202, farare, a jere, babu suna a kan ko ɗaya. Shekaru da dama ba wanda zai iya rantsuwa a kan ko su wa ke ciki, ko kuma ina aka zuba sauran. Wurin yana da tsabta, ana kai furanni, shugabanni na zuwa, amma ainihin abin da iyalai ke nema, wato wa ya mutu kuma ina yake, shi ne babu. Abin da ya riƙe labarin a zukatan mutane fim ne, Camp de Thiaroye na Ousmane Sembène da Thierno Faty Sow, wanda ya fito a 1988 ya ci kyauta a Venis, amma ya daɗe bai samu shiga gidajen silima na Faransa ba.

A 2014 François Hollande ya je maƙabartar ya amsa cewa an zalunci mutanen. A 2024 aka ba shida daga cikinsu matsayin waɗanda suka mutu domin Faransa, shida kacal. A ƙarshen Nuwamban wannan shekara, dab da cika shekara 80, Emmanuel Macron ya rubuta wa shugaba Bassirou Diomaye Faye wasiƙa inda ya kira abin da sunansa, kisan kiyashi. Senegal ta kafa kwamitin masana ƙarƙashin Farfesa Mamadou Diouf, kuma a 2025 masu binciken ƙasa suka fara tono a maƙabartar, suka samu ƙasusuwa da harsashi a jikinsu. Rahoton kwamitin ya ce kisan shiryayye ne.

Waɗanda suka rayu ma ba su tsira da cikakken haƙƙinsu ba. Wata doka ta 1959 ta daskarar da fanshon tsoffin sojojin ƙasashen da suka samu ƴanci, ya zama tsohon soja a Tawa ko Damagaram yana karɓar ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, abokinsa Bafaranshe da suka kwana rami ɗaya yana karɓar ninkin-ba-ninki. Sai a 2011 aka daidaita, lokacin da yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya.

Kada kuma mu mayar da tirailleurs waliyyai. A Maijirgi, kusa da Tasawa, kaburburan Voulet da Chanoine suna nan an san su, hafsoshin nan biyu da ayarinsu ya ƙone garuruwa ya karkashe mutane a Birnin Ƙonni da sauran wurare a 1899. Yawancin hannayen da suka riƙe bindigogin wannan ayari na tirailleurs ne, kuma su ne a ƙarshe suka juya suka harbe hafsoshin. Masu kisan biyu suna da kabari da suna. Mutanen Ƙonni da aka kashe ba su da jerin sunaye.

A gida

Ranar 15 ga Oktoban 2024 hukumomi suka sauya sunayen wasu wurare a Yamai. Titin Charles de Gaulle ya koma titin Djibo Bakary. Ginin tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙoƙin duniya biyu kuma aka raɗa masa suna da Zabarmanci, Bubandey Batama, aka ce daga yanzu na tunawa ne da duk sojoji da fararen hula da suka rasa rayukansu tun daga zamanin mulkin mallaka zuwa yau. Shigar da fararen hula cikin wannan lissafi daidai ne. Mutum 137 da aka kashe a yankin Tillia na jihar Tawa ranar 21 ga Maris 2021 ba su sa kaki ba, amma yaƙin nan ne ya ci su.

Sai dai "duk waɗanda suka mutu" jimla ce mai faɗi, kowa na ciki kuma ba a ga kowa ba. Mu ɗauki alƙaluman hukuma. Karamga, Afrilun 2015, sojoji 46. Inates, 10 ga Disamban 2019, sojoji 71. Chinagodar, 9 ga Janairun 2020, sojoji 89. Tabatol, Oktoban 2023, sojoji 29. Mun haddace lambobin. Mutum nawa cikinmu zai iya kawo suna uku daga Inates, in ba ɗan'uwansa ko abokin karatunsa na ciki ba?

A Tongo Tongo, ranar 4 ga Oktoban 2017, an kashe sojojin Amurka huɗu da ƴan Nijar biyar a kwanton ɓauna guda. Sunayen Amurkawan sun zaga duniya: Bryan Black, Jeremiah Johnson, Dustin Wright, La David Johnson. An nuna hotunansu da matansu, an yi ta muhawara a kansu a majalisar dokokin ƙasarsu. Namu a yawancin rahotanni adadi ne a ƙarshen jimla. Ba laifin Amurkawa ba ne da suka riƙe nasu.

An binne sojojin Inates da girmamawa. An lulluɓe su da tutar ƙasa, an yi musu salla a sansanin sojan sama na 101 a Yamai, an kwantar da su a sashen da aka keɓe wa shahidai, har shugabannin ƙasashen Sahel suka zo suka tsaya a kan kaburburan. Amma wurin cikin bariki yake. Ɗan makaranta da ke wucewa, ko uwar da ke zaune a wani ƙauyen Mayahi ko Mirya, ba su da inda za su je su sa yatsa a kan suna.

Akwai mai cewa wannan ba al'adarmu ba ce, kuma maganarsa tana da tushe. Ba mu saba gina kabari ba. A yawancin maƙabartunmu tulin ƙasa ne da fasasshen tulu ko ɗan allon ƙarfe, bayan damina biyu ko uku sai wanda ya halarci binnewa ne zai iya nuna wurin. Malamai sun yi hani da ɗaukaka kabari, gunki kuwa ba a ma kawo zancensa. Muna da namu hanyoyin: addu'a, sadaka, da mayar da sunan mamaci ga jariri, a riƙa kiransa Abba ko Baba don kunyar sunan. Makaɗan fada sun riƙe sunayen mazan jiya a kirari tun kafin a san siminti a ƙasar nan. Amma waɗannan duk tunawa ce ta gida da dangi, ko ta sarakuna. Bashin da ƙasa ta ci na ran kurtu daban yake, kuma allo mai jerin sunaye a bakin kasuwa ko a harabar ma'aikatar magajin gari ba kabari ba ne, ba gunki ba ne. Rajista ce, irin wadda ake liƙawa in sakamakon jarrabawa ya fito, kowa ya zo ya duba nasa. Musulmi da kirista duk za su iya tsayawa a gabanta kowa ya yi addu'arsa.

Kuma jerin sunaye yana hana wasa da lissafi. Inda aka rubuta kowa da sunansa da na mahaifinsa da garinsu da ranar da ya faɗi, duk gidan da bai ga ɗansa ba zai yi magana. Da an yi haka a Thiaroye a 1944, da ba a kai shekara 80 ana jayayya tsakanin 35 da 400 ba. Yana kuma tuna wa hukuma cewa bayan kowane layi akwai mace da ta yi takabar wata huɗu da kwana goma, akwai yara da ke jiran kuɗin makaranta, akwai tsoho da aka daina aiko masa da buhun hatsi a ƙarshen wata.

Yanzu aikin ya faɗo a kan matasa da wayoyinsu. Duk lokacin da aka kai hari, kafin sanarwar hukuma ta fito, hotuna sun cika Facebook da WhatsApp: saurayi cikin kaki yana murmushi, a ƙasa an rubuta Allah ya jiƙansa. A nan ne kawai yawancinmu muke ganin fuskokinsu. Bayan mako guda wani labari ya danne shi, in waya ta ɓace ko aka rufe shafi, shi ke nan. Sunaye 71 na Inates, in aka ba kowane daƙiƙa biyar, karanta su a rediyo ranar 10 ga Disamba ba zai wuce minti shida ba.

A Chasselay, masanin tarihi Julien Fargettas da wasu sun bi tsoffin takardun soja suna neman waɗanda suka ɓace a wannan faɗa. A watan Janairun 2022 aka kafa alluna biyu a cikin maƙabartar ɗauke da sunayen tirailleurs 25 da ake kyautata zaton suna cikin waɗanda aka binne babu suna. An san sunayen yanzu, amma ba a san wane kabari ne na wa ba, don haka kalmar "inconnu" tana nan a kan duwatsun. Kowace shekara a watan Yuni mutanen ƙauyen da ƴan Afirka mazauna Lyon suna taruwa a wurin, kuma ƙofar a buɗe take ga mai son zuwa.